DARASI NA GOMA SHA HUƊU: Mashawarcin Harkokin Intanet da 'Yancin Ɗan Adam

Shiri

Kafin ku fara karatu, ku duba wayar da ke gidanku, ku tambayi kanku: wa yake da ikon hana saƙon da na aika isa wurin wanda na aika wa? A wannan darasi za mu karanta labarin wata sana'a da ba a cika ambatonta ba idan ana lissafa ayyuka irin su likita da lauya da injiniya. Bayan karatu za mu duba ma'anar wasu kalmomi, sannan mu yi nazarin ƙananan kalmomin nan, "an" da "aka", waɗanda za ku ci karo da su sau da yawa a cikin labarin.

Karatu

A ranar 4 ga watan Yuni na shekarar 2021, Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwa daga Abuja cewa gwamnatin tarayya ta dakatar da dandalin Twitter a Nijeriya. Kwana biyu kafin haka, kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, bisa hujjar cewa ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Gwamnati kuwa ta ce dalilinta shi ne ana amfani da dandalin wajen abubuwan da za su iya raba kan ƙasa. Washegari kamfanonin sadarwa suka toshe shi. Mai sayar da atamfa da ke tallata hajarta a can ta wayi gari ba ta da kanti. Ɗan jarida ya rasa wurin da ya saba samun labari, haka ma iyalan da ke cigiyar ɗan'uwansu da ya ɓata. An kwashe kwana 222 a haka, har zuwa 13 ga Janairun 2022.

A cikin waɗannan kwanaki akwai mutanen da aikinsu ya ƙaru ninki biyu. Su ne suka zauna suka buɗe Kundin Tsarin Mulki da dokokin sadarwa, suna neman sashen da ya ba minista ikon rufe dandali da sanarwa kawai. Su ne suka tattara shaidar waɗanda cinikinsu ya tsaya, suka rubuta wa lauyoyi bayanin yadda ake toshe shafi a fasahance, domin alƙali ya fahimta. Irin waɗannan mutane ake kira mashawarta kan tafiyar da harkokin intanet. Wasunsu ma'aikatan ƙungiyoyi ne, wasu kuma suna zaman kansu, ana ɗaukar su aiki na ɗan lokaci.

Wa ke tafiyar da intanet?

Intanet ba ta da sarki, kuma ba ta da fada guda da za a je a kai ƙara. Amma wannan bai sa ta zama dajin da ba shi da mai shi ba. Ku ɗauki misalin babbar kasuwa, kamar ta Wuse. Akwai hukumar da ta mallaki fili, akwai masu rumfuna, akwai shugabannin 'yan kasuwa, akwai masu gadi, ga kuma dubban masu saye. Ba wanda zai iya tafiyar da kasuwar shi kaɗai, amma kowa na iya dagula ta. Haka intanet take. Kamfanoni ne suka shimfiɗa wayoyin ƙarƙashin teku, suka kafa turakun sadarwa. Injiniyoyi ne suke tsara ƙa'idojin da ke sa kwamfutar Kano ta fahimci ta Tokyo. Wata ƙungiya mai suna ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke kula da tsarin sunaye da adireshin shafuka. Haruffan nan biyu na ".ng" da kuke gani a ƙarshen adireshin shafukan Nijeriya suna hannun ƙungiyar NiRA. Gwamnatoci kuma su ke yin doka. A Abuja, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, da ke Maitama, ita ke ba kamfanonin waya lasisi, hukumar NITDA kuma tana kula da bunƙasa fasahar zamani.

Da yake hannaye sun yi yawa a cikin ƙwarya, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kashi biyu, na farko a Geneva a 2003, na biyu a Tunis a 2005. A can ne aka amince cewa tafiyar da intanet aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci da kamfanoni da ƙungiyoyin fararen hula, kowa da rawar da zai taka. Daga nan aka haifi wani zaure na shekara-shekara da ake kira IGF, wanda ya fara zama a ƙasar Girka a 2006. Zauren ba ya yin doka, ba ya hukunta kowa. Wannan ya sa wasu ke masa kallon wurin shan shayi da musayar katin adireshi, kuma a ganina ba duka zarginsu ne ƙarya ba. Sai dai sau da yawa maganar da aka fara a irin wannan zaure ita ce ke komawa ƙudurin doka bayan shekara uku ko huɗu. Nijeriya ma tana da nata zauren tun 2012, kuma Abuja ta karɓi baƙuncin na nahiyar Afirka sau biyu, a 2014 da 2023.

Hanyoyi uku zuwa sana'a ɗaya

Babu jami'ar da za ka shiga kai tsaye daga sakandare ka ce ka zo karanta wannan sana'a. Kusan duk wanda ke cikinta ta wata ƙofa ya shigo.

Misali mafi kusa da mu a Abuja shi ne na Uwargida Mary Uduma. Ta yi shekaru tana aiki a hukumar NCC, inda ta san yadda ake tsara ƙa'ida da yadda ake sasanta kamfani da mai amfani da waya. Daga baya ta shugabanci ƙungiyar NiRA, ta kuma kasance cikin jagororin zauren tattaunawa na Nijeriya da na Afirka ta Yamma. Abu mafi nauyi da ya faɗo mata shi ne na shekarar 2014. A wannan shekara gwamnatin Amurka ta bayyana cewa a shirye take ta saki ikon sa ido da take da shi a kan babban kundin adireshin intanet na duniya, idan har masu ruwa da tsaki suka kawo tsarin da zai maye gurbinsa. Aka kafa kwamitin mutum talatin daga sassan duniya domin haɗa wannan tsari, Uwargida Uduma na cikinsu, tana wakiltar masu kula da adireshin ƙasashe. Aikin ya ci kusan shekara biyu na karanta takardu da taron waya, har aka miƙa ikon a farkon Oktoban 2016. Mai amfani da waya a Nyanya ko Kubwa bai ji komai ya canja a ranar ba, kuma abin da ake so ke nan. A wannan sana'a akwai aikin da alamar nasararsa ita ce kada kowa ya lura an yi shi.

Malam Y. Z. Ya'u kuwa daga aji ya fito. Ya koyar da ilmin injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero ta Kano kafin ya jagoranci cibiyar CITAD, wadda ta fara da koya wa jama'a kwamfuta, daga baya ta shiga sa ido kan kalaman ƙiyayya a kafofin sada zumunta da neman hanyar kai intanet ƙauyukan da kamfanoni suka ga babu riba a cikinsu. Shi kuma Gbenga Sesan ya kafa ƙungiyar Paradigm Initiative a 2007, ya fara da koyar da matasan unguwar Ajegunle a Legas, har a 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa shi cikin kwamitin jagorancin zauren IGF. Ma'aikaciyar hukuma, malamin jami'a, da mai koyar da matasan unguwa: ba su yi kama da juna ba, amma dukansu sun iya karanta doguwar takarda har ƙarshenta, sun kuma iya bayyana abin da ke cikinta ga wanda bai karanta ba.

Tambayoyi uku na mashawarci

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne zuciyar aikin take.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa da karɓar bayani. Sashe na 37 ya kare sirrin mutum, har da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A watan Yulin 2012 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin da ya ce haƙƙin da mutum yake da shi a fili, wajibi ne a kare masa shi a intanet ma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijeriya na cikin ƙasashe shida da suka gabatar da wannan ƙuduri, tare da Suwidin da Birazil da Tunisiya da Turkiyya da Amurka.

To amma 'yanci ba ya rasa iyaka. Sashe na 45 na kundin nan ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaro ko zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu. Saboda haka mashawarcin kirki ba ya tsayawa a kan cewa "an tauye 'yanci" kawai. Yana yin tambayoyi uku. Ta farko: wace rubutacciyar doka ce ta ba da wannan iko? Ta biyu: manufar da ake son cimmawa halattacciya ce? Ta uku, wadda ta fi wuya: matakin da aka ɗauka ya yi daidai da girman matsalar, ko akwai hanyar da ba za ta cutar da bayin Allah da yawa haka ba?

Mu gwada su a kan abin da ya faru a Zamfara. A farkon Satumban 2021, bisa roƙon gwamnatin jihar, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara, domin sojoji su samu damar fatattakar 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce, amma abin ya zarce haka nesa. Daga baya aka yi irinsa a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Tambaya ta biyu ba ta da wuyar amsawa a nan. 'Yan bindiga da waya suke karɓar rahoton masu yi musu leƙen asiri, da ita suke cinikin kuɗin fansa, kuma duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ba zai yi wa gwamnati dariya ba don ta gwada wannan hanya. Amma layin da ɗan bindiga ke amfani da shi, shi ne wanda mai naƙuda ke kiran mota da shi, shi ne wanda ƙauye ke sanar da maƙwabtansa cewa mahara na tafe. Na'urorin cirar kuɗi na POS sun daina aiki. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa wata jiha don kawai su buga waya.

A wancan zango ina da wata ɗaliba a ajina wadda kakarta ke zaune a wani gari na Zamfara. Wata safiya na lura ba ta rubuta komai a littafinta ba. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Malam, yau kwana goma sha ɗaya ba mu ji muryar Kaka ba. Ba mu sani ba ko lafiya ce ta sa shiru, ko wani abu ne." Ban sami abin da zan ce mata ba sai addu'a. Aikin mashawarci shi ne ya ɗauki irin wannan shiru ya mai da shi shaida: garuruwa nawa, kwana nawa, asibiti nawa, kuma shin hare-hare sun ragu ko ba su ragu ba. Idan ya kai wannan gaban hukuma, to ya ba ta abin aunawa kafin ta sake ɗaukar matakin. Idan kuwa ya je da zagi kawai, za a ba shi ruwa ya sha, a raka shi bakin ƙofa.

A majalisa da kotu

Mafi yawan kwanakin mashawarci ba su da armashi. Yakan karɓi daftarin ƙudurin doka mai shafi hamsin ko fiye, ya bi shi layi-layi, ya rubuta takardar matsaya, ya je zaman jin ra'ayin jama'a a Majalisar Tarayya, inda wataƙila minti biyar za a ba shi. Wani lokaci minti biyar ɗin kan yi amfani. A ƙarshen 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na jihar Neja ya gabatar da ƙudurin yaƙi da labaran ƙarya a intanet, wanda jama'a suka laƙaba wa suna ƙudurin kafofin sada zumunta. A zaman jin ra'ayi na watan Maris 2020, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ƙi shi, suna cewa zai ba jami'an tsaro ikon yanke hukuncin abin da yake gaskiya da abin da yake ƙarya. Ƙudurin bai zama doka ba.

Wani lokaci kuma aikin shekaru kan rushe da wasiƙa guda. Ƙungiyar Paradigm Initiative da abokan aikinta sun daɗe suna bin wani ƙuduri na kare haƙƙin jama'a a intanet. Majalisar Wakilai ta amince da shi, ta Dattawa ma haka, amma a watan Maris 2019 Shugaba Buhari ya ƙi sa masa hannu, yana mai cewa ya tattaro batutuwan fasaha da yawa ba tare da ya zurfafa a kan ko ɗaya ba. Sai aka koma aka fara daga tushe. Wani yanki na abin da ake nema ya samu ta wata hanya a watan Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman a Abuja. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasu manhajojin ba da rance ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci saboda bashin dubu goma, ya san amfanin irin wannan doka.

Batun Twitter kuwa a Kotun ECOWAS da ke nan Abuja ya ƙare. Ƙungiyar SERAP da wasu 'yan ƙasa su 176 ne suka fara shigar da ƙara, wasu ƙungiyoyi suka biyo baya. A ranar 22 ga Yunin 2021 kotun ta hana gwamnati gurfanar da masu amfani da dandalin har sai an gama shari'a, domin Babban Lauyan Gwamnati ya riga ya yi barazanar hakan. A ranar 14 ga Yulin 2022 ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka, ta kuma keta 'yancin faɗar albarkacin baki da ke cikin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam. Ku lura da kwanan watan: wata shida ke nan bayan an riga an buɗe dandalin. Wani zai ce ihu ne bayan hari, kuma mai atamfar nan ba a mayar mata da ko kwabo ba. Amma hukuncin yana nan a rubuce, kuma duk lauyan da zai tsaya gaban alƙali a Banjul ko Akara kan irin wannan batu zai iya ɗauko shi. Kotun nan ce kuma ta ce sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, ya yi faɗi da yawa. Sai a 2024 aka yi wa sashen gyara, kuma har yanzu masu kare 'yan jarida suna cewa gyaran bai isa ba.

Abin da ba a faɗa a takardar talla

Sana'ar tana da nata ƙayoyin. Mashawarci mai zaman kansa ba shi da albashin wata-wata. Kwangila ce ta wata uku ko shida, idan ta ƙare sai ya nemi wata. Yau hukuma ce ta ɗauke shi, gobe kamfanin waya, jibi ƙungiyar da ke ƙarar su biyun. Wanda bai riƙe gaskiyarsa da kyau ba, zai wayi gari yana rubuta wa kowa abin da yake son ji. Kuɗin aikin da yawa daga ƙasashen waje yake zuwa, wannan kuma kan sa wasu su fi damuwa da abin da mai ba da tallafi ke so fiye da abin da ke damun mutanen Gusau.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda a matsayina na malamin Hausa ita ta fi tsaya mini a rai. Kusan duk waɗannan tarurruka da Turanci ake yin su, rahotannin ma haka. Alhali miliyoyin mutane da Hausa suke rubutu a Facebook da WhatsApp, da ita ake yaɗa jita-jitar da ke tayar da rikici, da ita kuma ake ƙaryata ta. Kamfanin da ke son ya goge kalaman ƙiyayya yana bukatar wanda zai bambance zagi da wasan taubashi, ya gane habaici idan an yi shi. Na'ura ba ta cika gane wannan ba. Ko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, har yanzu akwai fom-fom na intanet da ke ƙin karɓar su, sai mai suna Ɗanladi ya koma Danladi dole. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku da kuke koyon Hausa a kan harshenku na gida da Turanci, kuna riƙe da harsuna uku, kuma a ɗakunan taron Abuja ba kowa ke da wannan ba.

Ma'anar kalmomi

Mashawarci: ƙwararren da ake ɗauka domin ya ba da shawara a kan wani fanni. Mace mashawarciya, jam'i mashawarta.
Dandali: asali fili ne da ake taruwa a yi wasa ko hira, a yau har da wurin haɗuwa a intanet.
Masu ruwa da tsaki: duk waɗanda wani al'amari ya shafa, suke kuma da ta cewa a cikinsa.
Ƙuduri: abin da aka gabatar wa majalisa domin ta amince da shi. Ƙudurin doka yakan zama doka idan an sa masa hannu.
Daftari: rubutun farko na takarda, kafin a gyara shi.
Faɗar albarkacin baki: bayyana ra'ayi ba tare da tsoro ba.
Tauye: rage wa mutum abin da yake haƙƙinsa.
Gurfanar: kai mutum gaban alƙali.
Fatattaka: korar abokan gaba a watsa su.
Habaici: maganar da ake yi wa mutum a kaikaice, ba tare da an kama sunansa ba.
Taubashi: ɗan'uwan da al'ada ta yarda a yi wasan tsokana da shi, kamar ɗan kawu ko ɗan gwaggo.

Nahawu: "an" da "aka"

Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

Kamfanonin sadarwa sun toshe dandalin.
An toshe dandalin.

A jimla ta farko mun san wanda ya yi aikin. A ta biyu aikin kawai muka sani. Bahaushe yana amfani da "an" idan bai san mai aikin ba, ko idan ambatonsa ba shi da muhimmanci, ko kuma idan ba ya son ya ambace shi. Wani lokaci ladabi ne ke sa haka, kamar yadda ake gaishe da babba da cewa "An tashi lafiya?" Wani lokaci kuwa tsoro ne ko kauce wa laifi. Yaron da ya fasa kofi yakan ce "An fasa kofi." Ku riƙa lura da wannan idan kuna sauraron sanarwar hukuma a rediyo.

"An" takan koma "aka" a wurare uku da ya kamata ku riƙe. Na farko, bayan kalmomin tambaya: Yaushe aka buɗe dandalin? Me aka ce? Na biyu, bayan "da" ko "wanda" da 'yan'uwansu: matakin da aka ɗauka, ƙungiyar da aka kafa a 1998. Na uku, a cikin jerin labari, inda aiki ke bin aiki: aka kafa kwamiti, aka yi taro, aka miƙa iko. Haka kuma "ana" takan koma "ake": Ana yin taro da Turanci, amma Da Turanci ake yin taro. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne "Yaushe an buɗe?" Wannan ba Hausa ba ce. Idan za a kore, sai a ce "ba a ... ba": Ba a mayar mata da kuɗinta ba.

Tambayoyi

1. Kwana nawa aka yi ba a amfani da Twitter a Nijeriya, kuma wane dalili gwamnati ta bayar?
2. Me ya sa marubucin ya kwatanta intanet da kasuwar Wuse? Ta ina kwatancin ya dace, ta ina kuma kuke ganin bai dace ba?
3. Wane aiki aka ba kwamitin da Uwargida Mary Uduma ta shiga a 2014?
4. Ku kawo tambayoyi uku na mashawarci da kalmominku.
5. Marubucin ya ce wani zai kira hukuncin Kotun ECOWAS "ihu bayan hari". Mene ne ma'anar wannan karin magana? Shi marubucin ya yarda da haka?
6. Ku mai da waɗannan jimloli su zama tambaya, kuna farawa da kalmar da aka ba ku:
a. An kafa ICANN a 1998. Yaushe ...
b. An yi taro na biyu a Tunis. A ina ...
c. Ana kiran su mashawarta. Me ...
7. Daga "shawarta" aka samu "mashawarci". Ku samar da irin wannan suna daga rubuta, karanta, gina da ɗinka, ku kawo na mace da jam'in kowanne.

Aikin aji

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko jami'an tsaro ne da ke son a kashe layin waya a wata ƙaramar hukuma na tsawon wata guda. Rukuni na biyu 'yan kasuwa ne da ma'aikatan asibitin garin. Rukuni na uku mashawarta ne: su saurari ɓangarorin biyu, su yi musu tambayoyin nan uku, sannan su rubuta wa gwamna shawara da ba ta wuce layi goma sha biyar ba. A karanta shawarar a gaban aji ranar darasi na gaba.